Oshi no Ko: Tambayoyi da amsoshi kan katun ɗin Japan da ya bankaɗo abin da ke bayan murmushin 'yan matan waƙa

Gargaɗi tun da wuri ga wanda bai kalla ba: babu yadda za a yi maganar wannan anime, wato katun ɗin Japan, ba tare da faɗin abin da ya faru a kashi na farko ba, don haka an faɗe shi a nan. Abin da ya shafi ƙarshen labarin kuwa an bar shi a rufe.

Wane irin labari ne Oshi no Ko, su wa suka yi shi?

Asalinsa littafin zane ne, irin wanda Japanawa ke kira manga. Aka Akasaka ne ya rubuta, Mengo Yokoyari ta zana, mujallar Weekly Young Jump ta riƙa bugawa daga Afrilun 2020 zuwa Nuwamban 2024, aka tattara shi cikin juzu'i 16. Kamfanin Doga Kobo ya mayar da shi anime, zango na farko ya fito a Afrilun 2023, na biyu a Yulin 2024.

Labarin ya fara ne da Gorou, likitan mata a wani asibitin ƙauye a yankin Miyazaki, wanda ke mutuwar son wata mawaƙiya, irin waɗanda ake kira aidol, mai suna Ai Hoshino ta ƙungiyar B-Komachi. Rana ɗaya sai ga Ai a ɗakin awonsa, shekararta 16, da cikin tagwaye, kuma kamfaninta ya sanar da duniya cewa hutun rashin lafiya take yi. A daren haihuwa wani mai bibiyar Ai ya kashe likitan, sai ya farka a matsayin ɗaya daga cikin tagwayen, Aqua. 'Yar uwarsa Ruby ita ma wata yarinya ce da ta taɓa jinya a asibitin ta rasu tana shekara 12, ita ma ta dawo a sabon jiki. An ɓoye yaran, Ai ta ci gaba da haskawa, har ranar da za ta hau babban dandalin Tokyo Dome tana shekara 20. Ranar ce mai bibiyar ya buga mata ƙofa da furanni a hannu da wuƙa a ɓoye. Duk wannan a kashi na farko ne, mai tsawon kusan minti 90. Daga nan Ruby ta tashi da burin gadon uwarta, Aqua kuma ya shiga masana'antar don gano wanda ya ba makashin adireshin gidan, domin ya tabbata ubansu ne.

Mene ne aidol? Ba mawaƙa ba ne kawai?

Daga kalmar Turanci "idol" ta fito, amma ba ruwanta da gunki a nan. Sunan sana'a ne. Aidol matashi ne ko matashiya da kamfani ke ɗauka, sau da yawa tun ba ta iya waƙa ko rawa sosai ba, a ɗora ta a gaban jama'a su ga tana koyo tana girma. Mawaƙi na sayar da murya. Aidol na sayar da kusanci: jin cewa ta san da kai, tana buƙatar goyon bayanka, kuma da guminka ta kai inda ta kai. Wadda mutum ya ware daga cikin ƙungiya ya ɗora wa kuɗinsa da zuciyarsa ita ce "oshi" ɗinsa, daga nan sunan labarin ya fito.

Misalin da ya fi fitar da tsarin fili shi ne AKB48, wadda Yasushi Akimoto ya kafa a 2005 da ƙaramin zauren wasa a unguwar Akihabara ta Tokyo. Takensu shi ne aidol da za ka iya zuwa ka gani ido da ido. A cikin faifan CD ake saka tikitin musabaha: ka bi layi, ka riƙe hannun yarinyar na 'yan daƙiƙu, ma'aikaci na tsaye da agogo ya janye ka. In kana son ƙarin lokaci, ka ƙara sayen faifai. Daga 2009 zuwa 2018 har zaɓe suka riƙa yi duk shekara, ƙuri'ar kuma tana cikin faifan, don haka mutum guda kan sayi kwali-kwali na waƙa ɗaya da ba zai saurara ba. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin Oshi no Ko.

Da gaske ne ana hana su soyayya, ko ƙarin gishiri ne na masu labari?

Gaskiya ce, kuma nan ne zuciyar al'amarin. Wasu kamfanoni na rubuta haramcin a takardar yarjejeniya, wasu ba sa rubutawa amma kowa ya san da shi. Dalilin ba tarbiyya ba ne, ciniki ne. In hajar da kake sayarwa ita ce mafarkin cewa wannan yarinyar ba ta kowa ba ce, don haka tana iya zama taka, to saurayi na gaske ya lalata haja.

A farkon 2013 mujallar Shukan Bunshun ta buga cewa Minami Minegishi ta AKB48, mai shekara 20, ta kwana a gidan wani saurayi. Sai ga bidiyonta a shafin ƙungiyar na YouTube, ta aske kanta ƙwal, tana kuka tana roƙon gafara, aka kuma mayar da ita sahun masu koyo. Hoton ya zaga duniya, mutane da dama a wajen Japan a ranar suka fara jin akwai irin wannan doka.

Maganar ta kai kotu. A Satumban 2015 wata kotu a Tokyo ta umarci wata yarinya mai shekara 17 ta biya tsohon kamfaninta diyyar yen 650,000 saboda ta karya sharaɗin. Bayan wata huɗu, a Janairun 2016, wani alƙalin a Tokyo ya yi watsi da irin wannan ƙara, ya ce hana mutum soyayya tauye 'yancinsa ne na neman jin daɗin rayuwa. Hukunci biyu masu karo da juna, kuma tsugune ba ta ƙare ba, domin ko kotu ta wanke ki, 'yan gani-kashe-nin masoya ba su wanke ki ba. Su ne ke fasa faifai su ɗauki hoto su watsa, su ne ke cewa an ci amanarsu. Makashin Ai ma abin da yake ihu ke nan a bakin ƙofa: ta yaudare su, ta ce tana son su alhali tana da 'ya'ya.

To me ya sa Ai ba ta faɗi gaskiya ta huta ba?

Domin gaskiyar za ta rusa ta, ta rusa ƙaramin kamfanin da ya dogara da ita, ta kuma jefa sauran 'yan ƙungiyar cikin rashin aiki. Amma labarin ya wuce nan. Ai ta tashi a gidan marayu, uwarta ta yi watsi da ita, ba ta san yadda ake son mutum ba. Shugaban kamfanin da ya gano ta ya lallashe ta da cewa ba komai, ta riƙa faɗa wa jama'a tana son su ko da ƙarya ne, wataƙila wata rana ƙaryar ta zama gaskiya. Ta riƙe wannan ta mayar da shi sana'a, har ta kai tana tsoron ce wa 'ya'yanta tana son su, kada ta ji a ranta cewa wannan ma ƙarya ce.

Abin da ya burge ni a nan shi ne labarin bai ɗora laifin ƙaryar a kanta ita kaɗai ba, bai kuma ɗora shi kan kamfani kaɗai ba. Mai saye ma ya san ƙarya ce, shi ya nemi a yi masa ita, ya biya kuɗinsa, sannan ya fusata ranar da labulen ya ɗaga. Cikin su ukun, wadda ta fi ƙarancin iko ita ce ta biya da ranta.

An taɓa kai wa aidol hari irin haka a zahiri?

An sha yi. A Mayun 2014 wani mutum ya shiga taron musabahar AKB48 a yankin Iwate da zarto, ya raunata 'yan ƙungiyar biyu da ma'aikaci ɗaya. A Mayun 2016, a Koganei da ke Tokyo, wani masoyi ya daddaɓa wa mawaƙiya Mayu Tomita wuƙa sau da dama bayan ta mayar masa da kyautar da ya aiko. Ta rayu, amma abin takaicin shi ne ta riga ta kai ƙorafi wurin 'yan sanda kan saƙonnin da yake turo mata a intanet, dokar hana bibiya ta lokacin kuwa ba ta haɗa da kafofin sada zumunta ba. Sai bayan nan aka gyara ta.

Wanda ya fi kama da na Ai shi ne na Maho Yamaguchi ta ƙungiyar NGT48. A Disamban 2018 maza biyu suka tare ta a ƙofar gidanta a Niigata. Da ta ga kamfani ya yi shiru sai ta fito ta faɗa da kanta, kuma a Janairun 2019 ita ce aka ga ta tsaya a dandali tana ba jama'a haƙuri kan tayar da ƙura. A shekarar 2019 ɗin kuma aka kama wani da ya gano unguwar wata aidol ta hanyar ƙara girman hotunanta yana duba abin da ke haskawa a ƙwayar idonta, ya gane tashar jirgin ƙasa, ya je ya yi kwanto.

Aidol ɗin suna samun kuɗi da yawa, ko ba haka ba?

Ƙalilan na can sama ne ke samu. A kashi na farko akwai inda Ai ke duba takardar albashinta ta ga kusan yen 200,000 a wata, tana ƙorafin yadda za ta tara wa yara kuɗin makaranta, ita da ake ganin tauraruwa ce. Kuɗin waƙa na tafiya ga marubuci da kamfanin faifai, a cire na sutura da zaure da horo, ragowar a raba wa mutum bakwai ko goma. A ƙasan wannan kuma akwai ɗimbin ƙananan ƙungiyoyi da ake kira aidol na ƙarƙashin ƙasa, masu wasa a ƙananan ɗakuna, abincinsu na fitowa daga sayar da hoton nan-take da masoyi ke ɗauka tare da su. Ga shekaru na gudu: Mem-cho, ɗaya daga cikin 'yan wasan labarin, shekararta 25 amma tana cewa 'yar sakandare ce, saboda ta san an rufe mata ƙofar gwaji tun da ta haura 20.

Me ya sa ake yawan maganar kashi na shida?

Saboda shi ne ya fi ciwo, kuma shi ne ya jawo rigima. Aqua ya shiga wani shirin talabijin na soyayyar matasa, irin wanda ake cewa ba rubutawa ake yi ba. Cikin mahalarta akwai Akane, yarinya mai kunya da himma, kullum da ɗan littafi a hannu tana rubuta shawarar da ma'aikata suka ba ta. Kyamara ba ta kula ta. Ta ji shugaban kamfaninta na zazzaga wa manajanta masifa saboda ita, wani ma'aikacin shirin kuma ya raɗa mata cewa abin da ake buƙata shi ne muguwa. Ta gwada, cikin hatsaniya farcenta ya yanki kuncin wata abokiyar shirin mai sana'ar talla da fuska. Nan take suka rungumi juna suka shirya, kyamara ta ɗauka, amma masu shiri suka yanke sulhun suka watsa yankan.

Abin da ya biyo baya an nuna shi dalla-dalla: yarinya a ɗaki cikin duhu, hasken waya a fuskarta, tana karanta zagi ɗaya bayan ɗaya saboda tana ganin wajibinta ne ta saurari masu kallo. Ta ba da haƙuri, haƙurin ya ƙara wa wutar fetur. Aka tono makarantarta, aka zagi uwarta. Ta daina cin abinci. Daren da aka yi guguwa ta hau gada, Aqua ya riƙo ta.

Duk wanda ke Japan ya tuna da Hana Kimura, 'yar kokawa mai shekara 22 da ta fito a shirin Terrace House na Fuji TV da Netflix. An nuna ta tana faɗa da wani mahalarci kan kayan kokawarta da ya lalata a injin wanki, aka yi mata ca a intanet, ta rasu ranar 23 ga Mayun 2020. Maza biyu da aka hukunta kan zaginta tarar yen 9,000 kowanne suka biya. Fushin jama'a kan wannan ya sa a 2022 aka tsaurara dokar cin mutunci zuwa ɗaurin da zai kai shekara ɗaya ko tarar yen 300,000.

Da kashi na shida ya fito a Mayun 2023, mahaifiyarta Kyoko Kimura ta fito ta ce an yi amfani da mutuwar 'yarta ba tare da an tuntuɓi iyali ba. Sai wasu masoyan Oshi no Ko suka yi mata taron dangi a intanet suna zaginta. Mutanen da suka gama zubar da hawaye kan Akane ke nan. A ganina uwar na da hujja, kashin kuma yana da amfani, duka biyun na iya zama gaskiya a lokaci guda.

Zango na biyu kamar ya bar maganar aidol. Ya cancanci kallo?

Ya koma wasan dandali, inda ake mayar da wani shahararren manga wasan kwaikwayo. Wasu sun ce ya yi jan ƙafa, ni kuwa ina ganin nan ne rubutun ya fi nuna. Rigimar marubuciyar littafin da mai tsara wasan, yadda saƙonta ke bi ta hannun mutum biyar kafin ya isa ya zama wani abu dabam, an nuna ta ba tare da an mayar da kowa mugu ba. Akwai kuma Kana Arima, wadda ta yi tashe tana ƙarama saboda iya kuka cikin daƙiƙa goma, ta girma aka manta da ita.

Maza fa? Su ba a cutar da su?

Oshi no Ko ya fi karkata ga mata, amma babbar badaƙalar da ta girgiza masana'antar ta maza ce, kuma ta fashe a shekarar da aka fara nuna shi. Johnny Kitagawa, mai kamfanin da ya fitar da ƙungiyoyi irin su SMAP da Arashi, ya shafe gomman shekaru yana lalata da yara maza da ke ƙarƙashinsa. Shukan Bunshun ta buga zargin tun 1999, babbar kotun Tokyo ta gaskata ginshiƙinsa a 2003, amma gidajen talabijin suka yi gum saboda suna buƙatar taurarinsa. Ya mutu a 2019 ana yabonsa. Sai da BBC ta fitar da rahoto a Maris na 2023 sannan aka kafa kwamitin bincike, wanda ya ce waɗanda abin ya shafa sun kai ɗaruruwa. Kamfanin ya amsa laifi a Satumba, a Oktoba kuma ya sauya suna zuwa Smile-Up don biyan diyya.

Batun mutum ya mutu ya dawo a jikin wani fa? Kuma yara za su iya kallo?

Dawowar rai ba aƙidar Musulmi ba ce, ba kuma ta Kirista ba, a Japan kuwa tsohon tunani ne da ya zo ta addinin Buddha, kuma marubutan katun na amfani da shi kamar ruwan sha. A nan dabara ce ta ba jariri hankalin babba don ya ga bayan fage da idon mai wayo. Wanda abin bai kwanta masa ba, ya san da shi tun minti na ashirin.

Yara kuwa a'a. Kada manyan idanu masu taurari da launin ruwan hoda su ruɗi iyaye. Akwai kisa da jini, cikin shege, yunƙurin kashe kai, da sutura da raye-rayen da gidaje da yawa ba za su amince da su ba. Akwai kuma wasu barkwanci kan likitan da ke son yarinya 'yar 16 waɗanda ni ban ga abin dariya a cikinsu ba.

Akwai kamanni da abin da ke faruwa a Kannywood?

Akwai, amma kada a ja shi ya yi tsawo. Kamannin shi ne yadda jama'a ke jin rayuwar jaruma mallakinsu ce, da yadda hukuncin ya fi sauka kan mace. A Oktoban 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon waƙar ClassiQ, kuma duk wanda ke Facebook ko TikTok ya san yadda hoto ɗaya ke tara wa jaruma dubban masu zagi kafin gari ya waye. Bambancin kuwa babba ne. A Kano ana kafa hujja da addini da al'ada, kuma aure ake matsa wa jaruma ta yi, sau da yawa ta bar fim in ta yi. A Tokyo ba ruwan kowa da zunubi. Aure da soyayyar ne abin gudu, saboda suna rage ciniki.

Shi ne anime na farko da ya taɓo wannan batu?

A'a. Perfect Blue na Satoshi Kon, wanda ya fito a 1997, ya riga shi da shekara 26: wata aidol ta bar waƙa ta koma fim, mai bibiya ya addabe ta, wani shafin intanet na rubuta rayuwarta da sunanta har ta kasa bambance kanta da hoton da aka gina mata. Ya fi Oshi no Ko tsauri da ban tsoro nesa ba kusa ba, kuma na manya ne zalla.

Ba shi ma yana cin moriyar abin da yake suka ba ne?

Yana ci, babu musu. Waƙar buɗe zango na farko, wadda YOASOBI suka yi, ta hau saman jadawalin Billboard na duniya ban da Amurka a Yunin 2023, karo na farko ga waƙar harshen Japan. Hoton Ai ya cika shaguna a jikin riguna da 'yan tsana da jakunkuna. Wato yarinyar da labarin ya nuna yadda sayar da ita ya kashe ta, ita ce hajar da ta fi fita. Labarin kuma bai taɓa cewa a rushe masana'antar ba. Son ta yake yi, yana nuna ƙazantarta yana kuma nuna ƙyallinta da dukkan ƙarfin zane. Inda ya yi rauni a wurina shi ne ɗaukar fansar Aqua, domin da zarar an ce akwai mugu ɗaya a ɓoye da ya kitsa komai, sai tsarin da ya ba shi dama ya samu wurin fakewa.

Labarin ya ƙare? A ina ake kallo?

Littafin ya ƙare a Nuwamban 2024 a babi na 166, kuma ƙarshen ya raba kan masu karatu sosai, da yawa na ganin an yi shi cikin gaggawa. A ƙarshen shekarar ne Amazon Prime Video ya fitar da na 'yan wasa na zahiri, fim ya biyo baya a Disamba. Anime ɗin kuwa dandalin kallo na intanet mai suna HIDIVE ne ya fara nuna shi a ƙasashe masu amfani da Turanci, Netflix na da shi a wasu yankuna, kuma abin da ake samu ya danganta da ƙasar da mutum yake. Wanda zai fara ya tanadi data da lokaci don kashi na farko, domin ya ninka sauran sau uku da ɗoriya, kuma ba a yi shi don a kalla rabi a ajiye ba.